Hancin Tengu da Haƙurin Ramamme

Idan mutumin Japan zai ce "wa, ni?", hancinsa yake nunawa da ɗan yatsa. Mu ƙirji muke dafawa, in abin ya kai ga kuri ma mu buga shi. Na lura da haka tun makon farko da na sauka Osaka, cikin watan Afrilun 1992, na ɗauka wata 'yar al'ada ce irin wadda baƙo kan rubuto wa mutanen gida a wasiƙa. Karatun noman shinkafa ya kai ni, amma sai da aka zaunar da mu wata 6 muna koyon harshe kafin a raba mu jami'o'i, ni aka tura ni Kyoto. Shekara 5 na yi a ƙasar. Yau da nake waiwaye, bayan fiye da shekara 30, yawancin abin da na koyo a kan taki da iri ya tsufa, an sami wanda ya fi shi. 'Yan kalmomin da mutanen nan suke kiran girman kai da su kuwa suna nan tare da ni, domin ta kansu na gano wani hali nawa da ban san yana jikina ba.

Tunda a hanci "ni" yake zaune, a nan suka ajiye alfahari. Sukan ce hana ga takai, hancinsa ya yi sama. Wanda yake yi wa mutane gori da kuɗinsa ko iliminsa, sai a ce hana ni kakeru, ya rataya abin a hancinsa. In kuma aka kunyata mai taƙama a gaban jama'a, to an karya masa hanci, hana o oru. Ranar da malamar ajinmu ta rubuta waɗannan a allo na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha, don mu ma cewa muke wane yana hura hanci, wance tana ɗaga hanci. Sai dai akwai bambancin da ya wuce ni a lokacin. Hura hanci a wurinmu zargi ne ko yaushe. Hana ga takai kuwa uwa ma takan faɗe shi ranar da ɗanta ya ci jarrabawa, ba mai ganin laifinta, tunda saboda wani ne hancin ya tashi. Laifin yana somawa ne in mutum ya ɗaga shi saboda kansa.

A shekarata ta biyu harshen ya fara zama a bakina. Duk inda na shiga, kanti ne ko gidan waya, sai a ce "Nihongo jozu desu ne", kai, ka iya Japananci. Daga baya na gane gaisuwa ce da ake yi wa duk baƙon da ya haɗa kalma uku, kuma amsar da ake jira ita ce "ina, da saura tukuna". Ni kuwa gaskatawa na yi. Wata rana a zaman ɗalibai na mako-mako, wani ɗalibi ɗan ƙasar ya yi tuntuɓe wajen karanta sunan cutar shinkafar nan da suke kira imochi, wadda rubutunta da furucinta ba sa tafiya tare. Na yi caraf na gyara masa a gaban kowa, da murya sama. Gyaran daidai ne. Ɗakin ya yi tsit. Da aka tashi Malam, mai koyar da mu, ya ce in tsaya. Dattijo ne marar yawan magana, wanda ya fi sakewa a cikin taɓon gona fiye da ofis. Bai yi mini faɗa ba. Ya dunƙule hannunsa na hagu ya ɗora a kan hancinsa, ya dunƙule na dama ya ɗora a gaban na hagun, ya dube ni ya ce, "Ka kula, kada ka zama tengu."

Tengu aljanin dutse ne a tatsuniyoyinsu, mai jar fuska da hanci zungurere kamar taɓarya. Sunan daga Sin ya zo, ma'anarsa "karen sama". A littafin tarihinsu Nihon Shoki, wanda aka kammala a shekarar 720, an ambace shi a matsayin wani babban tauraro da ya keta sama da ƙara kamar tsawa a shekarar 637. Daga baya ya koma halitta mai fuka-fuki da baki irin na shirwa, sannan bakin ya rikiɗa ya zama hanci. Abin da ya fi kama ni shi ne inda suka ce tengu yake fitowa. A imanin mutanen da, malamin addinin Buddha da ya yi karatu mai zurfi amma jin kai ya cika shi, in ya mutu iliminsa yakan hana shi faɗawa wuta, girman kansa kuma ya hana shi tsira, sai ya tashi a tengu. Akwai wani dogon zane na shekarar 1296 mai suna Tengu Zoshi, inda aka kamanta malaman manyan gidajen ibada irin su Todaiji da Enryakuji da waɗannan aljanu. Wato jahili ba ya zama babban tengu, sai wanda da gaske ya iya. Tengun dutsen Kurama, arewa da Kyoto, shi aka ce ya koya wa jarumi Minamoto no Yoshitsune takobi tun yana yaro. Kalmar da Malam ya zaɓa ta yarda cewa na iya karatun, ta kuma nuna mini cewa iyawar ce take neman kai ni ƙasa.

Daga ranar sai na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na duƙufa kan kenjogo, salon maganar ƙanƙan da kai, inda mutum yake sauke kansa da duk abin da ya rataya a wuyansa. In za ka miƙa tsaraba sai ka ce tsumaranai mono desu ga, ba wani abin kirki ba ne, ko da rabin albashinka ka zuba a kai. Ma'aikaci yakan kira kamfaninsu heisha, ɗan kamfaninmu marar galihu. Dattawa a wasiƙa sukan rubuta gusai da gusoku, matata marar wayo, ɗana marar wayo. Wannan bai zame mini baƙo sosai ba, ni da na tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, in ana yabonsa ma sai ta kau da kai. In dole ta sa mutum zai yabi abinsa, sai ya fara da neman afuwa, temae miso desu ga, ku yi haƙuri zan yabi daddawar gidanmu. Miso ɗin nan waken suya ne da ake ruɓarwa da gishiri, a da kowane gida nasa yake yi, kowa kuma gani yake nasa ya fi. Na haddace duk waɗannan, na iya sunkuyawa daidai gwargwado, na yanke hukunci cewa Japanawa sun kashe girman kai da ladabi, ni ma na kashe nawa.

Da na buɗe ido da kyau da na ga ba haka ba ne, domin na iso ƙasar daidai lokacin da aka karya mata hanci. Shekarun da suka gabaci zuwana su ne waɗanda suke kira zamanin kumfa, lokacin da farashin fili da hannun jari ya hau ba linzami. A 1987 wani kamfanin inshora na Tokyo ya sayi zanen furanni na Van Gogh a kan kusan dala miliyan 40. A 1989 Mitsubishi Estate ya sayi fiye da rabin kamfanin da ya mallaki Rockefeller Center a birnin New York. Ranar 29 ga Disambar wannan shekara ma'aunin kasuwar hannun jari na Nikkei ya kai 38,915. A Agustan 1992, ina da wata 4 a ƙasar, ya faɗo ƙasa da 15,000, bai kuma sake taka wancan tsani ba sai Fabrairun 2024. Kalmar da na riƙa ji a bakin manya ita ce ogori, girman kan mai mulki ko mai dukiya da ya manta akwai gobe. Misalin da suke bugawa kullum shi ne gidan Heike, zuriyar Taira no Kiyomori, waɗanda suka riƙe fadar Kyoto har suka ɗauka duniya tasu ce, aka ƙarar da su a yaƙin teku na Dan-no-ura a 1185.

Na talaka kuwa mie ake ce masa. Mie o haru shi ne abin da muke kira ƙarya ko kece raini, sayen jakar da ta fi albashinka, ko bikin da za a shekara ana biyan bashinsa. Na fahimci kalmar sosai a wani Disamba a gidan wasa na Minami-za, inda na kalli wasan kwaikwayonsu na kabuki. In wasa ya kai ƙololuwa, ɗan wasan yakan buga ƙafa, ya juya wuya, ya zaro ido, ya sandare wuri ɗaya, ana ƙwanƙwasa masa katako a gefen dandali, 'yan kallo suna ƙwala sunan gidansu kamar kirari. Wannan tsayuwar ma mie ce, ko da yake rubutun ya ɗan bambanta, duk daga fi'ilin "a gani" suka fito. A dandali abin burgewa ne, in an sauko da ita kasuwa sai ta zama riya. Akwai kuma unubore, wadda in ka fasa ta za ka sami "kai" da "kamuwa da so", mutum ya kamu da son kansa ko da ba mai kallonsa. Wanda ya zauna a zaure ya ji karatun Ihya'u na Imamu Gazali zai gane wannan rabon, inda aka ware ujubu daban da riya, aka kuma ware kibru daban.

Kalmar da ta kama ni da gaske kuwa ban taɓa zaton tana cikin wannan dangi ba. Gaman ce. Duk wanda ya yi wata guda a Japan ya san ta, ita ce haƙuri da juriya da danne zuciya. Uwa takan ce wa yaron da ke kuka gaman shinasai, daure mana. Ni da na fito daga inda ake cewa haƙuri maganin zaman duniya, na rungume ta kamar 'yar uwa.

Ina haya ne a saman wani tsohon gidan katako na wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Okaasan nake kiranta, wato Iya, ita kuma gakusei-san take ce mini, malam ɗalibi. Kyoto a cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta ta gefe uku, sanyin hunturunta daga ƙasa yake tasowa ya shiga ƙashi, har suna gare shi, sokobie. A hunturuna na uku mahaifina ya kwanta rashin lafiya, na aika yawancin kuɗin tallafin karatuna gida. Abin da ya rage ba zai ishe ni abinci da kananzir ɗin murhun ɗumama ɗaki ba, sai na zaɓi abinci. Iya ta lura ta daina jin warin kananzir daga sama. Ta hawo da jarka ta ce ragowa ce, ba ta da bukata. Na sunkuya, na jero mata kalmomin ladabin da na haddace, na ce na gode, zan iya gaman. Bayan kwana biyu ta dawo da bargo mai kauri, shi ma na mayar. A raina kuwa daɗin kaina nake ji ƙwarai, ga Bahaushe mai wadatar zuci, ba ya roƙo, ba ya karɓa, har ya fi masu ƙasar iya haƙurinsu. A mako na uku zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙirji ya riƙe, aka kai ni asibiti aka ce sanyi ya kama mini huhu. Wannan tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya ita ta riƙa shiga bas kullum cikin sanyin nan tana kawo mini faten shinkafa mai zafi. Wahalar jarka ɗaya na ƙi ɗora mata, na ɗora mata ninkinta goma.

Ranar da aka sallame ni ta zauna a bakin shimfiɗata ta ce, "Gakusei-san, wannan ai yase-gaman ne." Yase ramewa ce. Haƙurin wanda yake ramewa yana cewa ya ƙoshi ke nan, wanda ake yi don kada a ga gazawarka. Suna da karin magana a kai, wai mayaƙinsu, samurai, ko bai ci ba sai ya fito yana sakace.

Da na ba Malam labari sai ya jawo takarda ya rubuta gaman da haruffanta biyu, ya ce in karanta su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ga, wato "ni". Na biyu man, harafin nan dai da ke cikin jiman, yabon kai, da goman, girman kai. Ya ce asalin kalmar ta addinin Buddha ce, fassarar mana ta harshen Sanskrit, kuma malamansu sun ƙidaya girman kai iri 7. Akwai na mai iƙirarin ya kai matsayin da bai kai ba. Akwai na wanda yake tsayawa gaban wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, ya ce ai da kaɗan ya fi ni. Gaman ɗaya ce daga cikinsu, manne wa "ni" da ɗaukar kai a bakin komai. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta zame daga girman kai zuwa taurin kai, daga nan zuwa ƙin nuna gazawa, kafin zamanin da suke kira Edo ya ƙare ta zama juriya abin yabo. Kalma ta tashi daga sahun zunubai ta koma sahun kyawawan halaye, ba a canza mata ko ɗigo a rubutu ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Tengun da Malam ya gargaɗe ni a kansa mai sauƙin ganewa ne, da jar fuska da murya sama. Wanda ya kwantar da ni rigar haƙuri ya sa, yana sunkuyawa yana godiya. Ban ce duk haƙuri girman kai ba ne. Na ga na gaske a wurin Iya kanta, wadda ta sha yunwar bayan yaƙin 1945 da goyo a bayanta, ba ta kuma taɓa mayar da shi labarin jarumtaka ba. Su kansu Japanawa bakinsu bai zo ɗaya a kan yase-gaman ba. Fukuzawa Yukichi, wanda hotonsa ke kan takardar yen 10,000 daga 1984 zuwa 2024, ya rubuta maƙala a 1891 yana kare shi, a ganinsa ƙaramar ƙasa ba ta tsayawa da ƙafarta sai da irin wannan taurin rai. Ina ganin hujjarsa in ana maganar ƙasa da mayaƙa. A maganar ɗalibi da jarkar kananzir kuwa, Iya ce mai gaskiya. Jin kai da jinƙai a rubutunmu ƙugiya ɗaya ce ta raba su, ni kuwa na bar na farko ya tare wa na biyu ƙofa har mako uku.

Na dawo gida a 1997, amma ban saki harshen ba, ina karanta jaridunsu, daga baya kuma intanet ta sauƙaƙa abin. A idona kalmomin suka riƙa sauya wuri. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, 'yan jaridar duniya suka ɗauki gaman suka yaɗa, suna mamakin dogayen layukan masu jiran ruwa da abinci ba hayaniya. A wannan shekarar dai, cikin kalmomi 10 da ake zaɓa duk ƙarshen shekara a matsayin waɗanda suka fi yawo a bakin jama'a, aka sa doya-gao. Doya a karin harshen mutanen Osaka tana nufin "ya ka gani?", gao kuma fuska, wato fuskar da mutum kan yi in ya yi abin burgewa yana jiran a yaba. A 2017 insuta-bae ta shiga sahun farko, abin da zai yi kyau a Instagram. Sai maunto o toru, hawa kan mutum, ga wadda take cusa albashin mijinta ko makarantar ɗanta cikin hira don a san ta fi. Sun ari kalmar Turanci ma sun mai da ita puraido, kuma in aka ce ta wane ta yi sama, ba yabo ba ne. Hokori ta gida ita aka bar wa alfahari mai tsabta.

Tsofaffin kalmomin nauyi gare su, da aljani da faɗuwar daula a bayansu. Sababbin da murmushi ake faɗarsu, mutum ma yakan sa hotonsa da kansa ya rubuta doya-gao a ƙasa. Matashi mai neman aiki a yau dole ya cike gurbin jiko pi-aru, tallan kai, ya jero abin da ya fi iyawa, a ƙasar da karin maganarta ke cewa turken da ya fi fitowa shi ake bugawa. Gusai ta kusa ɓacewa, ban kuma yi kewarta ba, don babu dalilin da mutum zai sayi tawali'unsa da mutuncin matarsa. Masu koyar da ladabin ofis da yawa yanzu cewa suke a daina kushe tsaraba, a ce ina fata za ta yi maka daɗi, wannan ma gyara ne. Wasu wuraren kuma sun ƙi sakin tsohon zare. A wasan takobin gora na kendo, in ka sari abokin karawarka daidai sannan ka ɗaga hannu kana murna, alƙalai suna iya soke makin. A Janairun 2009 babban ɗan kokawar sumo Asashoryu, ɗan Mongoliya, ya ɗaga hannu biyu a kan dandali bayan ya ci gasa, aka yi ta sukarsa. A dambenmu kirari rabin wasan ne, ban kuma ga laifinsa ba, kowa ya san dandali ne. Abin da yake damuna game da sababbin kalmomin shi ne duk fuska suke kallo, abin da kyamara za ta iya ɗauka. Irin ciwon da ya kwantar da ni ba ya fitowa a hoto, sai wanda yake zaune kusa da kai har yana lura da warin kananzir ɗinka zai gane shi, ya kuma ƙaunace ka har ya faɗa maka.

A ƙarshen Nuwambar 2023 wani taro ya mayar da ni Kyoto. Malam ya rasu, Iya ta daɗe da rasuwa, gidan katakon an rushe shi an mai da filin wurin ajiye motoci. Ɗalibin nan da na gyara wa karatu shi ya tarye ni, kansa ya yi fari kamar nawa. Na nemi gafararsa a kan abin da ya faru shekara 30 da suka wuce. Ya yi shiru kaɗan, ya ce bai manta ba, amma ya daɗe da yafewa, tun ranar da ya zo duba ni a asibiti. Washegari aiki ya riƙe shi, sai ya haɗa ni da 'yarsa ta kai ni Kurama a ƙaramin jirgin ƙasa mai ratsa daji. A ƙofar tashar akwai ƙaton kan tengu, ja wur, hancinsa ya kai mita 2. Ta ce mini na da can hancinsa ya karye a Janairun 2017 saboda nauyin dusar ƙanƙara, aka manna masa filasta kamar mai rauni, wannan sabo ne da aka kafa a 2019. Samari da 'yan mata sun yi layi a gabansa, kowa ya zo sai ya ɗora dunƙulen hannu biyu a hancinsa, irin yadda Malam ya yi mini, a ɗauke shi hoto ana dariya.

Iskar dutsen tana yanka kamar aska, rigata kuwa ta Kano ce. Yarinyar ta dubi hannuwana suna rawa, ta buɗe jaka ta ciro kairo, ɗan ƙunshin nan da ake murzawa ya yi ɗumi a tafin hannu. Ta ce, "Ojisan, sanyi ko?" Kawu ke nan a harshensu. Bakina har ya fara haɗa daijobu, ba komai. Na haɗiye ta, na miƙa hannu biyu na karɓa, na ce mata ƙwarai kuwa, sanyi nake ji. Ta sake ciro wani ta ce in sa a aljihun ƙirji, muka kama matakalar dutsen.